In biya dala 2,000 in je rainon 'ya'yan zaki a Afirka ta Kudu?

"Assalamu alaikum, Dakta. Ni ɗan Agege ne, na gama digiri a fannin nazarin dabbobi, na kuma kammala hidimar ƙasa. Tun ina ƙarami nake son namun daji. Na ga wani kamfani a intanet yana neman 'yan sa-kai zuwa Afirka ta Kudu don kula da 'ya'yan zaki marayu, mako uku a kan dala 2,000, ban da kuɗin jirgi. Mahaifina dillalin shanu ne a Oko-Oba, ya ce in dai abin zai zame mini hanyar samun aiki, zai sayar da bijimai ya biya. Shin da gaske irin wannan tafiya tana ceton dabbobin da ke ƙarewa? Za ta buɗe mini ƙofa? In ba haka ba, ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya saka wa Baba da alheri, domin ba kowane uba ne zai ji ɗansa yana maganar namun daji ya ɗauke ta da muhimmanci har ya yi zancen sayar da dukiyarsa ba. Abin da kake son sani shi ne ko kuɗin nan zai amfani dabbar, ko zai amfane ka, da kuma inda ya kamata ka sa ƙafarka ta farko. Bari in faɗa maka ra'ayina tun daga nan: kada a sayar da ko ɗan maraƙi saboda wannan tafiyar. Ban ce fita waje aikin sa-kai ba shi da amfani ba. Akwai fitar da nake so in ga ka yi, amma ba wannan ba ce, kuma ba yanzu ba.

Abin da ke ƙarar da dabba

Tun 1964 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, take fitar da jerin halittun da ke cikin haɗari, tana kasa su mataki-mataki: masu rauni, waɗanda ke cikin haɗari, waɗanda ke dab da ƙarewa, sai waɗanda suka ƙare a daji, sai waɗanda suka ƙare ƙurmus. Baƙar karkanda ta yammacin Afirka, wadda ragowarta ta ƙarshe take arewacin Kamaru, an tabbatar da ƙarewarta a 2011. Farar karkanda ta arewa kuwa, namijinta na ƙarshe ya mutu a gandun Ol Pejeta na Kenya a watan Maris na 2018, mata biyu suka rage, uwa da 'yarta. A gidanmu nan, gwaggon birin Kuros Riba da ke tsaunukan Afi da Mbe da Okwangwo har zuwa cikin Kamaru bai kai 300 ba. Zakin yammacin Afirka an saka shi cikin waɗanda ke dab da ƙarewa a 2015, kuma a Najeriya ba a ƙara jin ɗuriyarsa sai a Kainji da Yankari.

In ka bi diddigin kowanne za ka tarar da dalilai iri ɗaya. An sare dajin an mai da shi gona ko unguwa. An farauce shi don haure ko ƙaho ko fata ko nama. Ya kama saniyar makiyayi, makiyayi ya zuba guba a mushen. Idan adadin ya yi ƙasa sosai kuma, sai dangi su riƙa haihuwa da dangi, cuta ɗaya ko fari ɗaya ya share su. To ka duba, a cikin waɗannan babu wanda shayar da ɗan zaki madara da bulumboti yake magancewa.

Daga ina marayun suke fitowa?

Nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani. Zakanya a daji takan haihu kusan sau ɗaya a shekara biyu, tana ɓoye 'ya'yanta a duhuwa. Idan ta mutu, kura ko yunwa ke riga mutum zuwa wurinsu. Ta yaya gona ɗaya za ta riƙa samun marayu sababbi kowane wata, shekara da shekaru, daidai lokacin da sabon rukunin baƙi ke sauka daga jirgi?

A Afirka ta Kudu akwai zakuna kimanin 8,000 da ake kiwo a gonaki kusan 350, fiye da ninki biyu na waɗanda ke yawo a dajin ƙasar. Ana raba ɗan zaki da uwarsa yana ɗan kwanaki, domin ta yi saurin sake ɗaukar ciki. Yana jariri, 'yan sa-kai su biya su raine shi, masu yawon buɗe ido su biya su ɗauki hoto da shi. Ya ɗan tasa, a biya a yi tattaki tare da shi. Ya girma ya fi ƙarfin wasa, a sayar wa mai son harbi, a sake shi cikin fili mai shinge inda ba shi da mafita, kuma bai ma san ya guji mutum ba tunda mutum ne ya shayar da shi. Ƙasusuwan kuma a da ana fitar da su zuwa Asiya don haɗa magani. Gwamnatin ƙasar da kanta, ta bakin ministar muhalli ta lokacin Barbara Creecy a watan Mayu na 2021, ta ce za ta kawo ƙarshen wannan sana'a, saboda ba ta tsinana wa zakin daji komai kuma tana zubar wa ƙasar da mutunci.

Zakin da ya tashi a hannun mutum ba ya komawa daji ya rayu yadda ya kamata: bai iya farauta cikin garke ba, kuma ba ya tsoron ƙauye, wanda shi ne babban haɗari gare shi da mutanen ƙauyen. Ko da ma zai yiwu, ba zai amfani Kainji ba. Zakin kudancin Afirka jinsinsa daban da namu. Namu ya fi kusa da zakin dajin Gir na Indiya a jini.

Ban ga takardun kamfanin da ka samu ba, saboda haka ba zan yanke masa hukunci da sunansa ba. Amma ga yadda za ka gwada shi. Rubuta musu ka tambaya: ina iyayen 'ya'yan nan, ina kuma waɗanda aka raina shekara biyar da suka wuce suke a yau? Kuna barin dabbobinku su hayayyafa? Nawa ne cikin dala 2,000 ke shiga aikin, nawa ke tsayawa a hannun dillali? Wurin ceto na gaskiya ba ya kiwo don ƙara yawa, ba ya saye ba ya sayarwa, ba ya barin baƙo ya rungumi dabba, kuma yana iya nuna maka rahoton kuɗinsa. Ga birai, ƙungiyar PASA, wadda ta haɗa wuraren ceton birai, tana da jerin wuraren da ta tantance a Afirka, cikinsu akwai Drill Ranch a Kalaba, da Limbe a Kamaru, da Tacugama kusa da Firitawun. Wanda ya amsa maka da hotunan 'yan mata Turawa rungume da ɗan zaki maimakon bayani, ya riga ya ba ka amsa.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: an gina yawancin waɗannan shirye-shirye ne don matasan Turai da Amurka masu hutun shekara kafin jami'a. Ko a wuraren kirki, kuɗin baƙon ne ake buƙata fiye da hannunsa, da shi ake sayen abincin dabbobi a biya ma'aikatan gari. Wannan ba laifi ba ne ga wanda yake da shi. Amma kai naira Baba zai canza. Kuma na zauna a kwamitin tantance masu neman aikin daji, takardar shaidar mako uku a gonar zaki ba ta ɗaga mutum. Abin da muke tambaya shi ne, ka iya ƙidayar tsuntsaye kana bin miƙaƙƙen layi a cikin daji? Ka iya aiki da na'urar GPS, ka zana taswira? Ka iya rubuta rahoton da wani zai karanta ya gane? Za ka iya zama gaban dagaci ka saurari koken manoma ba ka fusata kowa ba?

Inda aka yi nasara

Ka dubi maƙwabtanmu. Raƙumin dawan yammacin Afirka, wanda a da yake yawo daga Senegal har Tafkin Chadi, ya ragu zuwa 49 kacal a 1996, dukkansu a yankin Kure, gabas da Yamai. Yanzu sun haura 600, har an ɗebi takwas a 2018 an kai su Gadabeji don a kafa garke na biyu. Kuma ba a cikin shinge suke ba, cikin gonakin mutane suke kiwo, suna cin wake da mangwaro, abin da ke ɓata wa manoma rai. Abin da ya cece su shi ne doka mai tsanani a kan farauta, da 'yan gari da suka zama jagororin baƙi suka san kowane raƙumi da zanen jikinsa, da rijiyoyi da ƙananan rance da aka kawo wa ƙauyukan har mutane suka ga dabbar tana da rana. A Zakuma ta Chadi giwaye sun faɗo daga wajen 4,000 zuwa kusan 450 cikin shekara takwas, sai da aka gyara aikin gadi daga 2010 aka kuma jawo makiyaya a jiki sannan suka soma haihuwa. Mariri, wanda aka ce ya ƙare a daji a 2000, an dawo da shi Chadi daga 2016 da taimakon hukumar muhalli ta Abu Dabi, ya hayayyafa har aka sassauta matsayinsa a 2023.

A dukkan waɗannan, masu aikin yau da gobe mutanen wurin ne, masu jin harshen wurin, waɗanda suka shekara goma suna abu ɗaya.

Kai a Legas kake

Wataƙila kana ganin namun daji suna can nesa, kai kana cikin hayaƙin danfo. Amma a harkar fasa-ƙwaurin namun daji, Legas na cikin manyan mashigai na duniya. Ɗankunya, dabbar nan mai ɓawo da ke dunƙulewa in ta ji tsoro, an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe baki ɗaya a taron CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, na 2016. Duk da haka, a watan Afrilu na 2019 hukumomin Singafo sun kama kwantena biyu cikin mako guda da suka taso daga Najeriya za su Biyetnam, ɗaya da tan 12.9 na ɓawonsa an rubuta naman shanu mai ƙanƙara, ɗaya da tan 12.7. A watan Janairu na 2021 kwastan sun kama tan 8.8 a Afafa. Ana tattaro shi ne daga dazukanmu da Kamaru da Afirka ta Tsakiya da Kwango, a tara a rumbunan ajiya a nan, a cusa cikin katako ko citta. Ɓawon nan kuwa sinadarinsa ɗaya da farcen yatsanka. Dabbar ɗa ɗaya take haifa a shekara, tan guda na ɓawo kuma dubban rayuka ne idan ƙananan jinsi ne.

Akan kawo mana ɗankunya asibitinmu na dabbobi cikin buhun shinkafa, ya kwana uku ko huɗu a kasuwa ba ci ba sha. In ka ɗaga shi za ka ji ya yi sakayau, ya dunƙule ya ƙi buɗewa, wani lokaci da shatar waya a ƙafarsa inda tarko ya kama. Ba a shafa shi, ba a ɗaukar hoto da fitila. Ɗaki mai duhu da ɗumi, ruwa ta allura a ƙarƙashin fata, sannan da dare wani ya fita da shi inda akwai gidan tururuwa ko gara, ya tsaya nesa yana gadi sa'o'i har ya ci. Da ya murmure ake gaggauta sakinsa a daji mai tsaro, domin ba ya jure zaman keji. Mai tsayuwar daren nan, sauro na cizonsa, ɗan sa-kai ne, kuma kullum muna ƙarancinsa.

Sai ungulu, kuma a nan ka fi ni kusa da maganar. Tambayi Baba yadda mayanka take shekara talatin da suka wuce, a Agege ko Kano ko Zariya. Zai ce maka rufin kwano baƙi ƙirin yake da ungulaye, mahauta na korarsu da ƙafa. Ka leƙa gobe ka ƙidaya. Ungulun da muka raina an saka ta cikin waɗanda ke dab da ƙarewa a 2015, kuma a Najeriya babban abin da ke cinye ta shi ne kasuwar magani da tsibbu, inda ake sayen kanta da ƙwanta da gashinta, har sai an shigo da ita daga Nijar da Chadi saboda ta yi wuya a gida. Indiya ta ga abin da ke biyo baya. A shekarun 1990 maganin ciwon jiki na diclofenac da ake yi wa shanu ya kashe fiye da kashi 95 cikin ɗari na ungulayensu, don yana lalata musu ƙoda in sun ci mushen. Mushe ya taru, karnukan titi suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Wa ya fi ɗan dillalin shanu dacewa ya zauna da Sarkin Fawa da masu sayar da magungunan dabbobi a kara ya yi wannan bayani?

Dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, 'yan'uwanmu na cikin masu kawo kayan nan daga Arewa, kuma muna cikin masu saye. Man ayu da ake tallarsa a cikin kayan mata, ko na gaske ne ko na jabu, sunan ne ke raya kasuwar da ke sa masunta su kafa wa ayu tarko a Binuwai da Kwara da ruwan Efe nan kusa da mu, alhali uwar takan shekara biyu ko fiye kafin ta sake haihuwar ɗa guda. Haka aku, wanda shi ma aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe a 2016. Ƙungiyoyin da ke aiki a Legas suna da masana, amma kaɗan ne a cikinsu za su shiga Alaba Rago ko Mile 12 su gaisa da mai magani da Hausa, su sha shayi tare, su ji daga wane gari kaya ke zuwa da nawa ake saye, ba tare da an ɗauke su 'yan leƙen asiri ba. Na ga yadda fuskar dattijo ke sauyawa idan aka tuna masa ayar nan ta 38 a Suratul An'am, cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummai ne kamarmu, sannan aka tambaye shi wane itace kakanninsa suke amfani da shi a madadin kan ungulu. Sau da yawa ya san shi. Gidauniyar kare namun daji da muhalli ta Najeriya, NCF, ta yi irin wannan aiki da masu maganin gargajiya. Sai dai in gargaɗe ka: wayar da kai daban, bin sawun manyan 'yan fasa-ƙwauri daban. Na biyun aikin kwastan ne da hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, akwai kuɗi masu yawa a ciki, kuma ana iya rasa rai. Kada ka yi shi da gaban kanka.

Matakin farko, sannan fita waje

Fara da cibiyar Lekki ta NCF, wadda aka kafa a 1990 a kan hekta 78. Mutane na zuwa don gadar sama mai tsawon mita 401, kai ka wuce ofis ka ce kana son aikin sa-kai. Ka shiga ƙungiyar masu kallon tsuntsaye, ka sa hannu a aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, inda kowa ke rubuta abin da ya gani da wayarsa a yankin da aka yanka masa, kuma sunanka na kan kowane rahoto. In za a kashe kuɗi, a saya maka madubin hangen nesa mai kyau da littafin gane tsuntsayen yammacin Afirka da takalmin daji. Bayan shekara guda kana wannan, ka nemi digiri na biyu a cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos, wadda ke ɗaukar ɗaliban yammacin Afirka da tallafi. Mutane da yawa da ke riƙe da wannan fanni a ƙasar nan daga can suka fito. Akwai kuma Gashaka-Gumti, gandun da ya fi kowanne girma a Najeriya, da dajin Ngel Nyaki a Mambila, da dausayin Haɗeja da Nguru inda tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu.

Daga nan ne waje ke buɗewa ta hanyar da ba Baba ne zai biya ba. Ƙungiyar Tropical Biology Association tana yin kwas na wata guda a daji a ƙasashe irin su Kenya da Yuganda, tana ɗaukar nauyin ɗaliban Afirka. Gidauniyar Rufford, da Conservation Leadership Programme, da asusun Mohamed bin Zayed suna ba matasa kuɗin ƙaramin bincike, kuma ƙidayar ungulu a mayankun Legas da Ogun irin aikin da suke saurare ne. Makarantar Mweka a gindin Kilimanjaro da ta Garwa a Kamaru sun daɗe suna horar da jami'an gandun daji. In kuma aikin sa-kai zalla kake so, dubi ƙasar Kef Bade (Cape Verde), tsibiran da ke cikin teku yamma da Senegal. Daga Yuni zuwa Oktoba kunkurun teku ke fitowa yin ƙwai a tsibiran Sal da Boa Vista, ana neman masu sintirin dare a bakin ruwa, kuma mai digiri da ɗan gogewa yana iya neman gurbin mataimakin ma'aikaci na tsawon kaka, inda galibi ake ba da makwanci da abinci. Abin da ka koyo can zai yi aiki a gaɓar Legas, inda kunkuru ke faɗawa cikin komar masunta.

Ni likitan dabbobi ne, aikina a yammacin Afirka yake, dokokin biza kuma suna canzawa, don haka ofishin jakadancin ƙasar za ka tambaya da kanka, ba ejan ba. Ƙasashe da dama ba sa yarda a yi aikin sa-kai da bizar yawon buɗe ido. Ka tanadi katin rigakafin shawara, ka yi allurar haukan kare kafin ka taɓa kowace dabbar daji, ko a nan gida. Kada ka tura kuɗi asusun mutum ɗaya, kada ka miƙa wa kowa fasfonka ya riƙe maka. Ka kuma binciki tsaro da kyau: a Kure ɗin da na yaba, 'yan bindiga sun kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a watan Agusta na 2020, kuma dazukan iyakar Benin da Nijar da Burkina Faso, inda mafi yawan zakunanmu suka rage, ba wurin zuwa ba ne a yanzu.

Ranar da za ka Lekki, ka bar Agege da an idar da sallar asuba. Ƙidayar tsuntsaye kafin rana ta yi zafi ake yin ta, kuma ka san halin hanyar Aja in gari ya waye. Ka tafi da littafin rubutu da biro, ka rubuta kwanan wata da lokaci da wurin kafin ka rubuta sunan tsuntsu ko ɗaya.